Saiwar da Ta Gagari Don Nemesio

Otilia na tsaye a bakin famfon da ke ƙarshen barandar asibiti tana matse tsumma, sai ga likita ta nufo ta. Yarinya ce, ba ta ma kai sa'ar Beto ɗan Otilia ba, amma ta riga ta koyi yadda ake tsayawa gaban mutum a gaya masa abin da ba ya son ji.

"Doña Otilia, ɗan naku ya iso?"

"Ya iso da safen nan. A mota ya kwana, daga Guadalajara."

"To ya zauna kusa, kada ya yi nisa." Likitar ta duƙar da kai kan takardun da ke hannunta, ba don tana karanta komai ba. "Huhun mijinki ya gama aiki. Zuciyar ce kaɗai take ja, ita ma ta gaji. Yau ne ko gobe. Ban ce miki jibi ba."

Otilia ta ci gaba da murɗa tsumman, alhali babu sauran ruwa a jikinsa.

"Shi kin gaya masa?"

"Ban gaya masa ba. Ɗan fa? In kira shi in yi masa bayani?"

"A'a. Ni zan gaya masa da bakina."

Da niyyar cikawa ta faɗi haka. Ta goge hannu a gaban rigarta, ta koma ɗakin.

Gadaje shida ne a ciki, na mijinta Don Nemesio ne a jikin taga. Yana kwance ido rufe, robar iska ta rufe masa hanci da baki, ƙirjinsa na ɗagawa da ƙyar kamar ana tura ƙofa mai tsatsa. Shekara arba'in ya yi yana shaƙar ƙurar itace da warin fetur ɗin da ake jiƙa sassaƙa a ciki don kashe ƙwari, yau ga sakamakon. A kujerar roba gefen gadon, Beto ne zaune ya duƙufa kan allon zanensa na lantarki. Tsakanin gwiwarsa da hannun ubansa bai fi taƙi ɗaya ba. Amma tun da ya shigo ya ce "Sannu, Baba," tsohon ya rufe ido, bai sake buɗewa ba. Ba barci yake yi ba. Otilia ta san barcinsa.

A ƙauyensu San Jacinto kowane gida dodanni yake yi da itacen kopal, irin waɗanda baƙi ke saye su tafi da su ƙasashensu: kare mai ƙaho, zomo mai wutsiyar kifi, da abin da ma ba shi da suna. Maza su sassaƙa, mata su yi fenti, a ƙarƙashi kuma a rubuta sunan maigida, ko wane ne ya yi aikin. Haka aka tarar, ba wanda ya taɓa kiran abin zalunci. Beto yana ɗan shekara goma sha tara ya sassaƙa wani dila mai fikafikai, ya rubuta cikakken sunansa Heriberto a tafin ƙafarsa, ya jera shi a teburinsu ranar baje koli a birni. Nemesio ya ɗaga ya gani. Ya zaro wuƙarsa ya kankare sunan a gaban masu saye, ya mayar da dilan inda yake. A makon nan yaron ya bar gida. Sama da shekara goma ke nan. Kowace Lahadi yakan kira uwarsa, da wayar ta yi ƙara kuma sai tsohon ya tuna yana da aiki a bayan gida.

Abin bai taka kara ya karya ba. Yawancin abin da ke raba uba da ɗa haka yake. Girman kai ne ke ba shi abinci har ya yi ƙiba ya cika gida. Otilia ba ta roƙon mijinta ya tashi, ta san an wuce nan. Abu ɗaya ta sa a gaba: kada a kai shi rami bai yi magana da ɗansa ba.

"Kai saurayi," in ji mai gadon kusa. Don Pánfilo ke nan, tsohon direban bas da ciwon suga ya cinye wa ƙafa ɗaya amma bai taɓa masa baki ba. "Tun safe kake shafa farantin nan. Budurwa ce a ciki?"

"Aiki ne, Don Pánfilo."

"Wane irin aiki ake yi da ɗan tsinke? Ni lokacin da nake aiki, sai kafaɗa ta sani."

Otilia ta ga dama ta samu, ta yi maza ta sa baki. "Dodanni yake zanawa," ta ce, ta ɗaga murya yadda na jikin taga zai ji. "Na wasan nan da yara ke yi a waya. Kamfani ne ya ɗauke shi. Sun bar shi ya zo, amma sai ya tura musu sabon dodo kafin mako ya fita, ga shi kansa ya toshe."

"Haba Mama."

"Ƙarya na yi?"

Beto ya sosa ƙeya. "Wani dodo suke so mai gadin bakin kogo. Wanda ba a taɓa gani ba. Ya ba yara tsoro, amma ba tsoron da zai sa su ajiye wayar ba. Duk wanda na kai musu sai su ce sun taɓa ganin irinsa."

"Ashe abu mai sauƙi," in ji Pánfilo. "Zana surukata."

Matarsa Doña Chayo, da ke zaune tana ɓare masa lemo, ta nuna shi da wuƙa. "Ka bar uwata ta huta a kabarinta, gurgun banza."

"Ai yabo ne! Ba mai gadin ƙofa ya ce ba? Duk zuwa zancen da na yi gidanku, na taɓa wuce bakin ƙofar nan?"

Wani mutum a gadon ƙarshe, mai bandeji a ciki, ya yi dariya har ya dafe ɗinkinsa. "Ka sa masa kan damisa da fikafikan zakara," ya ce.

Pánfilo ya ce, "Kai ma dai. Zakara tashi yake yi? Me zai yi da fikafikai a bakin kogo, fifita?"

"To kunama. Kunama mai fuskar ɗan sandan kan hanya."

"Yanzu ka yi magana. Wutsiya a sama, hannu a miƙe."

"Ni da kunkuru za ka yi, ɗana," in ji Doña Chayo. "Ƙato, da gari guda a bayansa, har da coci da kasuwa. Mutanen garin ba su san a kan dabba suke zaune ba."

"Sai ranar da ya yi atishawa," in ji mijinta.

Nas ɗin da ta shigo duba ledar ƙarin ruwa ba ta ko juyo ba ta jefa nata. "Sauro girman jaki. Duk wanda ya taɓa aiki a asibitin bakin teku ya san ba ƙirƙira ba ce."

Hannun Beto ya fara gudu a kan allon. Duk abin da aka jefo sai ya cafe, ya ja layi uku huɗu, ya juya allon ya nuna wa ɗakin. Kunamar ta fito da hular ɗan sanda da tumbi. Kunkurun ya fito da hasumiyar coci a karkace. Pánfilo ya ce a ƙara wa surukarsa gashin baki, Doña Chayo ta cusa masa lemo don ya yi shiru. Tun da aka kwantar da Nemesio, Otilia ba ta ji an yi dariya a ɗakin nan ba sai yau.

Ita ba allon take kallo ba. Hannun mijinta take kallo. Babban yatsansa na dama yana tafiya a kan zanin gado, gaba da baya, yadda yake tura bayan wuƙa idan yana fitar da kunne ko farce. Ta yi kamar ba ta gani ba.

Can sai hannun ya tashi, ya ja robar iskar zuwa haɓa.

"An yi."

Kowa ya juyo wajen Nemesio.

"Damisa mai fikafikai, gidan Celso na ƙauyenmu sun yi har sun gaji." Ya tsaya ya ja numfashi. Rufin ɗaki yake kallo. "Kunkuru mai gari, ni na yi. Tun ba a haifi wasu ba. Kuna ta liƙa kan wannan a jikin wancan kamar mahauta."

"To maigida, ba mu naka mu ji," in ji Pánfilo.

Nemesio bai kula shi ba. "Tsohuwa."

"Ina jin ka."

"Gaya wa ɗanki ba a ka ake nemo dodo ba. A itace yake."

Otilia ta buɗe baki za ta maimaita, kamar yadda ta saba ɗaukar magana daga wannan ta kai wa wancan, sai Beto ya riga ta.

"Ba ni da itace, Baba. Allo nake da shi."

Iskar na ta huci a banza a ƙarƙashin haɓar tsohon. Daga nan ya juyo da kansa a hankali a kan matashi, ya dubi ɗansa. Ya dubi gemun da bai san shi da shi ba, da tabarau, da furfurar da ta fara leƙowa a gefen kunne.

"Akwai wata saiwa," ya ce. "Bayan kicin. Ƙarƙashin tsohon kwanon rufi."

Otilia ta san saiwar. Daga kan dutse ya haƙo ta shekarun baya, murɗaɗɗiya mai rassa biyar, tsawon hannun mutum. Kopal yana ɗanye ake sassaƙa shi, lokacin da wuƙa ke shigarsa kamar sabulu. Masassaƙi ba ya zama ya ƙudura abin da zai yi. Reshe yake ɗauka ya juya a hannu har ya ga abin da ke kwance a ciki, a ranar ko washegari, sannan ya sa adda ya cire abin da ba na jikin dabbar ba. Wannan saiwar kuwa ta ƙi magana. Duk damina Nemesio zai fito da ita ya kafa ta a kan kututture, ya zauna ya zuba mata ido, ya mayar. Akwai ranar da itacen girki ya ƙare wa Otilia ta jawo ta za ta sa a murhu, ya yi kwana biyu bai ci abincinta ba.

"Na san ta," in ji Beto. "Mama ta taɓa ba ni labarinta. Ai yanzu ta bushe, Baba, ko wuƙa ba za ta ci ta ba."

"Na ce ka sassaƙa ne? Cewa zan yi ka duba." Ya yi tari mai tsawo, Otilia ta tallafo kansa ta goge masa baki. Da ya lafa sai ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ta gagare ni."

Otilia ta zauna a bakin gado. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba, ko a kan itace, ko a kan mutum.

Beto ya laluba aljihu ya fito da waya. "Bari in kira Doña Meche ta maƙwabta, ta ɗauko hotonta ta turo mana yanzu."

"Hoto!" Tsohon ya yi wani sauti mai kama da dariya. "Da ido ake duba itace? Da hannu ake dubawa. Ka juya. Ka sake juyawa. Har ya gaji ya gaya maka ko shi wane ne." Ya mayar da robar kan hancinsa ya ja iska, ya sake saukewa. "Je ka da kanka. Ka duba ta a can. Ka kawo mini ita in ji abin da ka gani."

Beto ya miƙe tsaye da sauri har kujerar ta kife. Ya tura allon cikin jaka ya ajiye a ƙarƙashin gado, ya fita. Otilia ta bi shi.

A baranda ya kama kafaɗunta biyu. Namiji mai gemu, amma idonsa na yaron nan ne da ake aika sayen fenti. "Kin ji, Mama? Da ni ya yi magana. Ni ya aika."

"Na ji."

"Me likita ta ce miki ɗazu? Na ga ta tsayar da ke."

Ga wurin da ta yi alkawarin faɗa, ga kuma mai tambaya ya tambaya. Otilia ta dubi ƙofar ɗakin. Idan ta faɗa, Beto zai koma ya ɗaga kujerar nan ya zauna, ba zai ƙara motsawa ba. Nemesio kuma zai ga an dawo masa da aikensa na farko cikin shekara goma, ya rufe ido, kuma ta san wannan karon ba zai buɗe ba. Za su kasance tare har ƙarshe, taƙi ɗaya a tsakaninsu, babu mai cewa komai. Idan ta yi shiru, ƙauyen ba nisa ne da shi ba. Mai sauri zai je ya dawo rana ba ta faɗi ba. Likita ta ce yau ko gobe. Goben ma ai tana cikin maganar.

Caca ta yi, kuma ta san caca ce.

"Ta ce a ci gaba da ba shi iska," ta ce. Ta ciro makullin gida daga igiyar da ke wuyanta ta danƙa masa. "Ka hau tasin haɗaka a bayan kasuwa, sun fi bas cika da wuri. Kada ka tsaya gaisawa da kowa."

Ya sumbaci goshinta ya sauka matakala bibbiyu.

Da ta koma, Nemesio ya buɗe ido ɗaya. "Ya tafi?"

"Ya tafi."

"Yawwa. Ja labule. Ki kira nas ta canja zanin nan."

Ta ja labulen, ta ɗaga bargo, sai ta ga abin da yake kwance a kai tun safe. Ya jiƙe har baya, fatar cinyarsa ta yi ja. Ashe rufe idon nan har da wannan a ciki. Ta tsaya riƙe da bargon.

"Don wannan ka kori yaron?"

"Ban kore shi ba. Aike na yi."

"Don kada ya ga ana goge maka jiki. Kai wa ya goge masa nasa yana jariri? Kunyar me kake ji, tsohon banza, kana bakin rami?"

"Ke kika goge masa. Ni ban taɓa ba."

"Saiwar fa? Ita ma dabara ce?"

"Saiwar gaskiya ce."

Ita da nas suka juya shi, suka wanke shi, suka shimfiɗa sabon zani. Ba shi da nauyin komai. Mutumin da ke saukowa daga kan dutse da rabin bishiya a kafaɗa, yau mata biyu ke ɗaga shi kamar damin kara. Da nas ta fita, ya kama gefen rigar Otilia.

"Me yarinyar nan ta gaya miki a waje?"

"Ta ce kana samun sauƙi."

"Fenti kika iya. Ƙarya ba ki iya ba."

"To da ka sani, me ya sa ka aike shi?"

"Zan jira shi."

"Da ikon wa?"

"Na taɓa miƙa miki aiki rabi?"

Bai taɓa ba. Ko sanfefa bai yarda wani ya gama masa ba. Ta zauna a kujerar Beto ta riƙe hannunsa, tana so ta yarda cewa taurin kan da ya hana shi magana shekara goma zai iya riƙe masa numfashi na wuni ɗaya.

Da rana ta take, Doña Chayo ta leƙo ta labule ta miƙo mata tortiya, gurasar masara, da wake a cikin tsumma. "Ki sa wani abu a cikinki, 'yar uwa. Mai jinya in ya faɗi, gado biyu za a nema." Otilia ta karɓa ta yi godiya, ta ajiye a kan cinya har ya huce.

Wayarta ta yi ƙara. Beto ne, ana hayaniya a bayansa.

"Mama, masu zanga-zanga sun tare hanya a mararraba. Sun gindaya manyan motoci, ba shiga ba fita. Sai dai mu sauka mu taka zuwa wancan gefen mu nemi wata motar."

"To ka taka."

"Yaya jikin nasa?"

"Yana nan."

Ta kashe. Nemesio na kallonta. "Hanya," ta ce. Ya lumshe ido alamar ya gane. Wanda ya zauna a jihar nan ba sai an yi masa bayanin hanya ba.

Daga nan numfashin ya canja. Sai ya ja da ƙarfi sau da yawa a jere, sannan ya tsaya, ya daɗe a tsaye har Otilia ta miƙe, sannan ya dawo. Nas ta zo ta ƙara iskar, ta taɓa wuyan hannunsa, ta dubi Otilia, ta fita. A bayan labule surutu ya mutu. Pánfilo ya nemi a kunna masa rediyo, matarsa ta ce masa wani abu a kunne, bai sake nema ba. Can sai Otilia ta ji ƙwayoyin carbin Doña Chayo suna ƙwanƙwasar ƙarfen gado, tana jan addu'ar Maryamu a hankali.

Rana ta karkata ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargon. Nemesio ya motsa leɓe. Otilia ta ɗaga robar ta kai kunne.

"In ya ga wani abu a ciki."

"Ina ji."

"Ki yi masa fenti."

"Zan yi."

"Ban da ruwan hoda. Kin cika son ruwan hoda."

"Shi baƙi ke saye."

"Baƙi ba su san komai ba."

Ta mayar masa da robar. Ta so ta ce masa ya ƙara haƙuri kaɗan, yaron ya kusa, amma ba ta san ko ya kusa ɗin ba, kuma ya riga ya gaya mata ba ta iya ƙarya ba. Ta riƙe hannun kawai. Tafin duk kanta ne da tabon yanka, babu yatsan da wuƙa ba ta taɓa ba.

A bayan labule aka turo keken abincin yamma, ƙafarsa ɗaya na ƙara. Mai rabon na tambayar kowane gado, miya ko kunu. Nemesio ya ja numfashi ya tsaya. Otilia ta jira ya dawo, kamar yadda ya yi ta dawowa tun azahar. Keken ya wuce gado na biyu, ya wuce na uku, ya fita. Ta ci gaba da jira. Robar na ta huci.

Mutum na iya taurin kai da matarsa, da ɗansa, da gari guda. Akwai inda ba a karɓarsa.

Nas ta shigo ta duba, ta rufe iskar, ta cire robar a hankali. Shirun da ya biyo baya ya fi hucin nauyi. "Sannu, Doña. Allah ya ji ƙansa. Zan kira likita ta zo ta gani, sannan mu shirya shi. Ki ɗan zauna da shi."

Otilia ta shafa masa ido ta rufe. Ta gyara masa gashi da yatsu. Kuka bai zo ba tukuna. Abin da ke kanta shi ne makullin da ta ciro daga wuyanta da hannunta, da amsar da ta bayar a baranda. Ba wanda ya tilasta ta.

Wayar ta yi ƙara a cinyarta.

Ta bar ta ta yi ta yi. Ta katse, ta sake farawa. A bayan labule Doña Chayo ta daina jan carbi. Otilia ta ɗauka.

"Mama!" Yana haki, kuma tana jin kajinta a bayansa, da karen Doña Meche yana haushi. "Mama, na gani. Na rantse na gani. Tun da na iso nake juya ta, har na fid da rai, sai ta kuɓuce mini ta faɗi. Ba shi wayar."

Ta dubi fuskar mijinta. Fuskar ta saki, ta yi santsi, kamar an gama yi mata sanfefa.

"Ba zai iya magana ba yanzu."

"Ba sai ya yi ba. Sa masa a kunne kawai, ni zan yi."

Otilia ta miƙe. Ta sunkuya ta ɗora wayar a kan matashi, ta manna ta da kunnen Nemesio, ta riƙe da hannu biyu don kada ta zame. Muryar ɗanta na fitowa 'yar ƙarama, tana jin ta sama-sama.

"Baba, ni ne. A tsaye kake ta kafa ta, shi ya sa. Ba tsaye take ba, a rataye take. In ka kifa ta, reshen nan mai tsawo wutsiya ce, da ita ya naɗe rufin kogo. Biyun nan da kake ɗauka ƙafafu ne, fikafikai ne a naɗe. Ga wuya dogo kamar na zalɓe, ya lanƙwaso yana leƙen mai shigowa ta ƙasa. Kullin nan kuma ido ne, Baba, guda ɗaya tak. Ba sai an liƙa masa komai ba, duk yana ciki."

Labule ya motsa. Nas ce, da farin zani a ninke a hannunta, likitar na bayanta. Otilia ta ɗaga musu hannu ɗaya. Suka tsaya inda suke.

Beto ya ci gaba. Ya faɗi inda za a fara sa wuƙa in an jiƙa itacen, da inda yake tsoron zai tsage. Ya ce bai tabbata da bakin ba, ko na tsuntsu ne ko na kifi, sai Baba ya riƙe da hannunsa ya faɗa. Ya yi magana mai yawa, irin ta wanda ya daɗe yana tarawa. Otilia ta ci gaba da riƙe wayar. Sai da muryar ta tsaya, ta koma kiran "Mama? Mama?", sannan ta ɗauke ta kai kunnenta.

"Ya ji? Me ya yi? Ya buɗe ido?"

"Ka faɗa masa duka," ta ce.

"In taho da ita yanzu?"

"Ka taho da ita. Ka watsa wa kajin nan masara, ka kulle gidan da kyau. Ba sai ka yi gudu a hanya ba."

Ta kashe wayar, ta sa a aljihun rigarta, ta matsa gefe ta ba nas wuri.